Daren Sauya Katuna a Luleå

Ƙarfe biyun dare.
Gari ya lulluɓa da ƙanƙara, teku ya daskare har gaɓa.
Mu biyu ne a zauren na'urori,
ni da Torbjörn, sai kukan fanka dubu
da ba ya tsayawa shan iska.

Awa biyu aka ba mu.
In huɗu ta buga aiki bai kammala ba,
mu mayar da komai mazauninsa,
mu share sawunmu kamar ba mu zo ba.

Ga tsohon suwic ɗin, tsayinsa ya kai ƙirjina,
rami takwas, kowanne da katinsa,
shekara goma sha ɗaya bai rintsa ba.
Torbjörn ne ya ɗaure shi da hannunsa
a shekarar da autarsa Majken ta fara tafiya.
Rubutunsa na nan a jikin farin tef,
tawada ta koɗe, amma ana gane bakwai ɗinsa
mai ɗamara a ƙugu.

Gangar jikin za ta zauna, ƙashinta da sauran ƙwari.
Jijiyoyi ne suka gaji.
Kafar da aka yi wa awon gigabit goma
yau ɗari ake ɗora mata,
kuma in kaya sun rinjayi jaki
wa zai ga laifin jaki?

Muka karkatar da zirga-zirga zuwa tagwaicinsa na can layi,
yadda mai lambu ke toshe wannan kwari ya buɗe wancan.
Na ɗaura igiya a tsintsiyar hannu
kada ɗan tartsatsin jikina ya ƙone
abin da ya fi albashina na shekara.
Na zare zaren gilashi ɗaya bayan ɗaya,
ina kiran lamba, yana amsawa.
Kunnuwan katin biyu na ja tare,
ya ɗan yi gardama,
sannan ya fito, da ɗuminsa
kamar burodin da aka sauke yanzu.

Sabon ya shige ramin tsaf.
Muka jira.
Ba abin da ya kai minti huɗun nan tsawo.
Sai 'yan fitilu suka fara farkawa,
kore, kore, kore, a jere,
har zuwa kafa ta sha tara.
Ita ta tsaya a ruwan goro, ta kafe.

Uku da minti ashirin.
Gumi a bayana, a ɗakin da sanyi ke cizon yatsa.
Na buga umarni, na sake bugawa,
na zargi katin, na zargi kamfanin da ya ƙera shi,
na fara lissafin hanyar komawa baya.
Torbjörn bai taɓa madannai ba.
Ya ciro ɗan madubinsa daga aljihu,
ya leƙa kan zaren, ya miƙo mini.
Tabo ɗaya, bai kai tsinin allura ba:
maiƙon babban yatsana
zaune a tsakiyar hanyar haske.

Bai ce uffan ba.
Ya danna magogi sau biyu, ƙas, ƙas,
ya mayar da zaren.
Kore.

Huɗu saura kwata muka buɗe kwarin.
Lambobi suka hau allo suna gudu,
ba wanda ya kira waya.
Wataƙila wata ma'aikaciyar jinya a Umeå
ta buɗe hoton ƙirjin wani tsoho,
ya bayyana kafin ta ajiye kofinta,
ba ta ma lura ba.

Na sa tsohon katin a jaka mai ruwan azurfa.
Torbjörn, da zai ajiye aiki a watan Afrilu,
ya ce, "Dakata, Ylva."
Ya ɓamɓare tef ɗin a hankali da farce,
ya liƙa shi a jikin gorar gahawarsa,
ya danne gefen da ya tashi.

A waje motarsa ta ƙi tashi sai a karo na uku.